Wa ke tsara abin da ake koya wa 'ya'yanmu a makaranta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ina zaune a Tudun Wada. Ɗana da ɗan ƙanena da nake riƙo duk 'yan aji biyar ne na firamare, ɗaya yana makarantar gwamnati ɗaya ta kuɗi, amma littattafansu daban, abin da ake koya musu ma ba ɗaya ba, makarantar kuɗin har cewa suke su manhajar Ingila suke bi. Ga babbar 'yata tana aji uku na ƙaramar sakandare an ce ta fara tunanin sayans za ta ko at, kuma wai gwamnati ta sake canza darussa. Don Allah wa yake tsara abin nan ne, kuma yaya tsarin yake? Ko dai kowace makaranta abin da ta ga dama take koyarwa?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yaran albarka, ya kuma saka maka da alheri kan riƙon ɗan ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya, wa ke rubuta manhaja, me ya sa yara biyu 'yan aji ɗaya suke dawo maka gida da abu daban-daban, sannan yaya za ka yi da zaɓin da aka ajiye a gaban 'yarka. Ni na daɗe riƙe da alli a firamare kafin in koma ɓangaren horar da malamai, kuma har yanzu ina zagaya makarantu a cikin Zariya da ƙauyukan kewaye ina duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa, to abin da zan gaya maka wani daga takarda ne wani kuma idona ne ya gani.

Na farko dai, a'a, ba abin da makaranta ta ga dama ba ne. Manhaja ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya, ta yaron Zariya ita ce ta yaron Inugu. Sai dai kafin abin da aka rubuta a Abuja ya iso cikin littafin rubutun ɗanka yana bi ta hannaye da yawa, kuma kowane hannu yana iya ragewa ko ƙarawa ko ya ɓatar da wani abu a hanya. A nan ne bambancin da kake gani yake shigowa.

Inda takardar take fitowa

Akwai hukumar tarayya da ake kira NERDC, an kafa ta a 1988, hedikwatarta tana Sheda a yankin Abuja. Ita ce ke da alhakin rubuta manhajar firamare da sakandare. Ba wai ma'aikatanta ne kawai ke zama su rubuta ba, suna tara masana kowane fanni daga jami'o'i da kwalejojin ilimi da malaman da ke cikin aji, a yi ta zama ana gyara. In an gama sai ta bi ta kwamitin tuntuɓa na ƙwararru, daga nan ta je gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa, wato zaman da ministan ilimi yake shugabanta tare da kwamishinonin ilimi na duk jihohi. Dalilin da ya sa dole kwamishinoni su zauna shi ne a tsarin mulkin Najeriya ilimi na cikin abubuwan da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kai, tarayya ta tsara, jiha ce ke da makarantun da malaman. Shi ya sa za ka ji ana UBEC, hukumar ilimin tushe ta tarayya, a Abuja, ana SUBEB, takwararta ta jiha, a Kaduna, sannan ga sakataren ilimi a ƙaramar hukuma, duk layi ɗaya ne.

Shi kansa fasalin ba yau aka fara taɓa shi ba. Iyayenmu a Arewa aji bakwai suka yi a firamare, sannan fom wan zuwa fom faif, wanda ya yi sa'a ya ƙara shekara biyu kafin jami'a. A 1969 aka yi babban taron manhaja a Legas inda aka ce ilimin da Turawa suka bar mana na samar da akawu ne, ba ya koya wa yaro aikin hannu. Daga wannan taron ne aka samu kundin manufar ilimi ta ƙasa a 1977, sannan tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, shekara shida firamare, uku ƙaramar sakandare, uku babbar sakandare, huɗu jami'a. Hikimar raba sakandare gida biyu ita ce yaro ya ɗanɗana komai a ukun farko, har da aikin katako da ƙarfe da lantarki, sannan a ga inda ya fi ƙarfi. Na taɓa shiga wani tsohon ɗakin koyon sana'a a wata makaranta da ba zan ambata ba na tarar da injinan wancan zamanin a jingine, tsatsa ta cinye su, wani tsohon maigadi ya ce min tun da aka kawo su bai taɓa jin ƙararsu ba domin ba a taɓa ja musu wuta ba. Wannan ɗakin ya daɗe yana damuna, don tunanin da aka yi mai kyau ne, yaran da aka yi dominsu ne ba su amfana ba.

A 1999 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, sai aka haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama abu ɗaya, shekara tara na ilimin tushe wanda doka ta ce kyauta ne kuma dole ne. Shi ne za ka ji wasu na cewa 9-3-4.

Yadda aka jera benayen

Shekara taran nan kashi uku aka yi musu, uku-uku. Aji ɗaya zuwa uku na firamare, aji huɗu zuwa shida, sai ƙaramar sakandare ɗaya zuwa uku. A ukun farko abin da ake so shi ne yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi, sauran darussa duk rakiya ce. A na tsakiya, inda yaranka biyu suke, ana faɗaɗa kimiyya da zamantakewa, ana shigo da noma da tattalin gida, Faransanci ma a nan yake shigowa, Larabci kuma zaɓi ne. A ƙaramar sakandare darussa sun fi yawa don nan ne wurin ɗanɗanawa, ana ƙara harkar kasuwanci da fasaha, sai a rufe da jarrabawar BECE wadda mutane suka fi sani da jiniyo wayek.

Manhajar shekara taran ta fara aiki a 2008, amma kafin a je ko'ina aka ga kaya sun yi wa yara yawa, darussa har kusan ashirin, sai aka yi mata gyara a 2012 aka fara aiki da gyararriyar a 2014. Abin da aka yi shi ne aka cusa darussa da yawa ƙarƙashin suna ɗaya, misali kimiyya da fasaha da motsa jiki da kwamfuta suka zama darasi guda a takarda. To amma a aji fa malamai huɗu ne ke shiga, littafin rubutu huɗu, jarrabawa huɗu, sai a haɗa maki a raba. Haka aka haɗa addini da zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa da na tsaro, abin da ya tayar da ƙura sosai daga Musulmi da Kirista duka har sai da aka sake ware addini ya tsaya da ƙafarsa. Tarihi ma an taɓa cire shi daga wannan matakin na tsawon shekaru kafin a dawo da shi, ka ga an yi yaran da suka tashi a garin nan suna wucewa ta Ƙofar Doka kullum ba wanda ya taɓa tsayawa a aji ya gaya musu wa ya gina ganuwar ko don me.

Akwai wani abu game da ginin manhajar da iyaye da yawa ba su sani ba, kuma yana jawo su zargi malami ba laifinsa. Ba a koyar da batu sau ɗaya a wuce, zagayowa ake yi ana ƙara zurfi. Ɗauki ruwa, ƙaramin yaro za a ce masa ruwa ana sha ana wanka ana girki, in ya ƙara girma a nuna masa daga ina yake zuwa da yadda ake tace shi da cututtukan da gurɓataccen ruwa ke kawowa, a sakandare kuma a shiga sinadaran da suka haɗu suka yi shi da dalilin da ya sa ruwan wata rijiya ba ya kumfa da sabulu. Saboda haka in ka ga kan darasi iri ɗaya a littafin ɗan aji uku da na ɗan aji biyar ba maimaici ba ne, abin dubawa shi ne ko an ƙara zurfi. In ba a ƙara ba to akwai magana.

Me ya raba yaranka biyu

In ka buɗe littafin manhaja na kowane darasi za ka ga shafi ne da aka ja wa layuka. Ga batu, ga abin da ake so yaro ya iya yi da kansa bayan darasin, ga ƙunshiya, ga aikin malami, ga aikin ɗalibi, ga kayan aiki, ga yadda za a gwada ko ya gane. Gurbin nan na biyu shi ne zuciyar abin, ba a ce yaro ya haddace ba, cewa ake ya iya aunawa, ya iya bambancewa, ya iya zanawa, ya iya bayani da bakinsa.

Daga wannan littafin ne ake ciro abin da mu malamai muke kira sikim, wato a raba aikin shekara zuwa zango uku, kowane zango mako-mako. Daga sikim malami yake rubuta shirin darasinsa na kullum, hedimasta ko mataimakinsa ya sa hannu, sannan a shiga aji. A gefe guda kuma ga masu buga littattafai, kowane kamfani yana ɗaukar manhajar ya rubuta nasa littafin, jiha ta fitar da jerin waɗanda ta amince da su. To ka ga littafi daban ba matsala ba ne ko kaɗan, kamar buhu biyu ne na shinkafa ɗaya daga dila daban-daban. Har jerin makonni yana iya bambanta, wannan makarantar ta fara da kasafi waccan ta fara da awo, muddin a ƙarshen shekara sun haɗu a wuri ɗaya.

Inda matsalar take shi ne inda igiyar ta tsinke. Na je duba wata ɗalibarmu a wata firamare a bayan gari na ce a kawo min manhajar lissafi, hedimasta ya buɗe kabad ya ɗauko ta tana cikin ledarta ba a taɓa ɓarewa ba, ya ce ajiye ta ya yi don kar ta lalace in masu duba makarantu sun zo. Sikim ɗin da malamai ke bi kuwa daga shafin farko na wani tsohon littafi aka kwafo shi, kan babi na ɗaya mako na ɗaya, kan babi na biyu mako na biyu. A wannan ajin na ƙirga yara sun haura tamanin, da yawansu a ƙasa suke zaune, darasin kwamfuta ne, yarinyar nan ta zana allon kwamfuta da maɓallansa da alli tana nuna musu inda ake dannawa, wallahi ta yi iya ƙoƙarinta kuma na ba ta maki mai kyau, amma manhaja cewa ta yi yaro ya kunna ya kashe da hannunsa. Wannan giɓin ba na NERDC ba ne, na kujera ne da wuta da yawan malamai.

Makarantun kuɗi kuma tasu matsalar ta wani gefen ce, su ƙari suke yi. Za ka ga ɗan aji biyar da darussa goma sha bakwai, jaka ta fi shi nauyi, ana koya masa aikin ƙaramar sakandare don a burge iyaye, sannan a ce ya tsallake aji shida ya tafi sakandare. Ni dai ban goyi bayan tsallaken nan ba ko kaɗan, aji shida an sa shi ne don ya ɗaure abin da aka koya a huɗu da biyar, kuma na sha ganin yaran da aka tsallakar suna shan wuya a lissafin sakandare ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba.

Batun manhajar Ingila kuwa Alhaji tambaya ɗaya za ka yi musu, wace jarrabawa yaron zai zauna a ƙarshe? Ingila tana da tata manhajar da gaske, da matakanta, kuma makarantar da ke binta a nan jarrabawar Cambridge take shirya yara wa, da rajistarta da kuɗinta masu nauyi. In amsarsu ita ce BECE da WAEC da NECO, to manhajar Najeriya suke bi, sun dai ƙara wasu littattafan waje ne a Turanci ko lissafi. Wannan ba laifi ba ne, wani lokacin ma yana taimakawa wajen koyon karatu, amma a kira abu da sunansa. Ni ban shiga makarantar ba balle in yanke mata hukunci, kai ne za ka je ka ce a nuna maka sikim na aji biyar na wannan zangon, ka karɓi na makarantar gwamnatin ma, ka ajiye su gefe da gefe tare da littattafan rubutun yaran. Ba sai kana da digiri ba, ka duba mako na shida me aka ce za a yi, ka duba littafin yaro ko an yi, ka duba ko malami ya sa jan biro ya gyara. Hakkinka ne, makarantar kirki ba za ta hana ka ba.

Wani abin da zai iya raba su shi ne harshe. Shekara da shekaru manufar ilimi tana cewa a koyar da aji ɗaya zuwa uku da harshen da yaro ya tashi da shi, Turanci ya zama darasi, daga aji huɗu a juya. A 2022 gwamnati ta ce a kai shi har aji shida, sai kuma a ƙarshen 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar an janye, an koma Turanci tun daga farko. Ni abin da na gani a aji shi ne yaron da ya fara iya karanta Hausa da kyau ya fi saurin kama karatun Turanci daga baya, kuma ko me takarda ta ce malamin firamaren gwamnati a Zariya zai karanta da Turanci ne ya fassara da Hausa don in bai yi haka ba shi kaɗai yake magana.

Zaɓin da ke gaban 'yarka

Wannan ya fi komai muhimmanci a tambayarka, don na yaran firamare ana iya gyarawa a hankali, wannan kuwa ƙofa ce da in ta rufe buɗe ta da wuya. A babbar sakandare akwai darussan dole ga kowa, Turanci da lissafi su ne kan gaba, sai darasin zama ɗan ƙasa da sana'a guda, sannan ɗalibi ya cike da darussan ɓangarensa har su kai takwas ko tara. Manhajar 2011 ta kasa ɓangarorin zuwa kimiyya, fasaha, adabi da zamantakewa wato at, da kasuwanci, ta kuma kawo sana'o'i 34 a zaɓi ɗaya. A aikace makarantu da yawa ɗaya ko biyu suke iya bayarwa, wadda ba ta buƙatar kayan aiki.

Canjin da ka ji ana magana shi ne wanda gwamnatin tarayya ta sanar a 2025. An rage yawan darussa a kowane mataki, an dunƙule tarihi da zamantakewa da zama ɗan ƙasa wuri ɗaya a babbar sakandare, an ba ilimin kwamfuta da fasahar zamani ƙarfi, sana'o'in nan kuma an mayar da su shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. A ƙa'ida sabuwar manhaja ba a tsakiyar tafiya take kama yaro ba, daga bakin kowane mataki take farawa, aji ɗaya da aji huɗu na firamare, aji ɗaya na ƙaramar sakandare da aji ɗaya na babba. Ke nan 'yarka za ta ƙarasa ajin da take a kan abin da ta faro, in ta shiga babbar sakandare ta haɗu da sabon. Ka tambayi firinsifal kai tsaye wace sana'a cikin shidan suke da malaminta da kayanta, ba wadda ke rubuce a allon ofis ba.

Amma kafin wannan, ku fara daga ƙarshe ku dawo baya. Me take so ta zama? In likita ce ko nas ko harhaɗa magunguna dole ta riƙe fiziks da kemistiri da bayoloji, ta kuma samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Injiniya ba ta yiwuwa ba fiziks da kemistiri da lissafi mai ƙarfi. In lauya ce to adabin Turanci kar ya kuɓuce mata. JAMB kuma Turanci ne da darussa uku da suka dace da kwas ɗin, in babu su a takardar sakandare ba yadda za a yi. Akwai wata yarinya 'yar maƙwabtanmu da ta bi ƙawayenta ta shiga ajin kasuwanci, sai a aji uku ta zo min da fom tana so ta karanta aikin jinya, na duba na ga ba ta taɓa zama ajin kemistiri ba ko sau ɗaya, sai da ta ƙara shekara biyu tana lesin kafin ta zauna jarrabawar 'yan waje. Ba wanda ya zaunar da ita tana aji uku na ƙaramar sakandare ya yi mata bayanin minti goma.

Kar kuma a tura ta sayans don kawai a ce 'yar Alhaji tana sayans. A duba sakamakonta na lissafi da kimiyya na shekara ukun nan gaba ɗaya, ba zango ɗaya ba, a ji ta bakin malaman da suka koyar da ita, a ji ta bakinta ita ma ba a gaban mutane ba, wataƙila mahaifiyarta ta fi ka sanin abin da ke ranta. A duba ko makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje da ake shiga da gaske, don WAEC da NECO suna da jarrabawar gwaji da hannu a waɗannan darussan. In hankalinta ya fi karkata ga Larabci da addini akwai hanyar hukumar NBAIS wadda jarrabawarta ke haɗa waɗannan da darussan zamani kuma ana shiga jami'a da ita, in kuma aikin hannu ne akwai kwalejojin fasaha masu jarrabawar NABTEB. Duk rassa ne na tsarin ƙasa ɗaya, ba wanda yake bayan gida.

Aikina ya fi yawa a firamare da horar da malamai, saboda haka ainihin haɗin darussan kowane kwas ka tabbatar da shi a kundin JAMB na shekarar da za ta zauna, yana nan a intanet kyauta, ko ka shiga Jami'ar Ahmadu Bello, harabar Samaru ko ta Kongo, ka tambayi sashen da take sha'awa. Ka ɗauke ta ku je tare, ta ga wurin da idonta kafin ta cike fom ɗin zaɓin.